Garejin Ya Koma Baya

Filinmu na Rikkos ƙafa 50 ne da 100, kowane taku da lissafinsa. Mai zanen gida ya sa gareji a kudu, bakin titi, yadda aka saba. Muka ce a'a. Jos ba Kano ba ce, tudu ne mai tsayin kusan mita 1,200, kuma a Disamba rana kudu take karkata. Gareji a nan zai tare wa ɗakin Hajiya hantsi, ga ta da ciwon gwiwa.

Sai muka mayar da shi arewa maso gabas ya tare iskar hunturu, manyan tagogi suka fuskanci kudu. Hanyar mota ta ci faɗin zaure, Baba har yau yana mita. Hajiya kuwa tuni ta zaɓi tagar da za ta shimfiɗa dardumarta.