Koren Fasfo a Bakin Ƙofa

Mu masu rubuta manhaja, duk inda muka haɗu hirar biza ba ta ƙarewa. Akwai labarin da kusan dukanmu muka haddace. A Fabrairun 2017 wani injiniyan manhaja ɗan Najeriya ya sauka filin jirgin JFK a New York, bizarsa lafiya lau. Jami'in shige da fice ya miƙo masa takarda da biro, wai ya amsa tambayoyin kwamfuta irin na jarrabawar neman aiki, a gani ko da gaske injiniya ne. Mun yi dariya, amma ba ta kai ciki ba.

A jami'a mun ɗauka ƙasar dimokuraɗiyya ce ke karɓar baƙo hannu bibbiyu, ta kama-karya kuma ta haɗe masa rai. Da muka fara tafiye-tafiye sai muka ga bambancin yana wurin da ake dasa shingen ne. Amurka da Turai a ƙofa suke tsare mutum. Tun 2019 fom ɗin bizar Amurka ke neman sunayen da ka yi amfani da su a soshiyal midiya shekara biyar baya. Bizar Schengen Yuro 90 ce, in an hana ka kuɗinka sun tafi. Amma in ka samu ka shige, da wuya wani ya sake tambayar inda ka kwana.

Sin kuwa har ciki take bin baƙo. Dole a yi maka rajista wurin 'yan sanda cikin awa 24, galibi otal ke yi. A 2019 jaridu suka bankaɗo cewa a iyakar Kirgistan da Xinjiang jami'ai na saka wa wayoyin matafiya manhajar da ke kwashe saƙonni da lambobi, tana laluben fayil sama da 73,000. Abin takaici, irinmu ne suka zauna suka rubuta ta.

A Amurka ma ana buɗe waya a iyaka ba tare da izinin kotu ba. Sai dai can an kai gwamnati ƙara a 2017, abin da ba mai tunanin yi a Xinjiang. Matafiya 11 ne suka shigar da ƙarar: goma 'yan ƙasa, ɗaya mai takardar zaman dindindin. Babu baƙo ko ɗaya, kuma baƙo ba shi da ƙuri'a balle ɗan majalisar da zai kai wa kuka.

Shi ya sa da yawanmu ke ajiye tsohuwar waya a durowa, ba komai cikinta sai tikiti da lambar gida. Ita muke ɗauka, ko Guangzhou muka nufa ko San Francisco.