Jirgi a garin da babu kogi

Gure ba ta da kogi. Duwatsun Muniyo ne suka kewaye ta, da tuddan rairayi, sai kwaruruka masu dabino da kanwa. Amma ko ƙaramin yaro ya ji rugugi a sama zai ɗaga kai ya ce "jirgi", alhali asalin sunan na masunta ne da masu fito: icen da aka fafe aka ɗora bisa ruwa.

Lokacin da matafiyi Heinrich Barth ya sauka Gure a 1852, zamanin Sarkin Muniyo Koso, duk wanda ya ce ya ga jirgi, to, ya taka har Komadugu ko tafkin Cadi. Sufurin garin kuwa raƙumi ne da jaki da takarkari.

Daga kudu sunan ya fara sauya kama. Dogo ya iso Kano a 1911, mutane suka ga abu yana kwasar jama'a da kaya wuri guda yana sulala da su, suka ce ai wannan jirgi ne, na ƙasa. A 1930 ya kai Nguru, inda fataken wannan yanki ke kai kanwa da dabbobi. Can suka gan shi, suka komo gida da labarinsa, dogon kuwa har yau bai tako Damagaram ba. A Nuwamban 1925 jiragen sojan Ingila uku da suka taso daga Masar suka sauka Kano. Ba a sha wahalar raɗa musu suna ba: jirgin sama.

A kan wannan basira nake jinjina wa mutanen da. Ba su tsaya lanƙwasa harshe wajen kwaikwayon Bafaranshe ko Bature ba, sai su dubi aikin abu da tafiyarsa su kira shi da abin da ido ya sani. Dubi "jirgi mai saukar ungulu". Wanda ya taɓa tsayawa a mahauta ran kasuwa, ya ga ungulu ta yi shawagi, ta saki ƙafafu ta dire tsaye, ƙura ta ɗan tashi, ba sai an yi masa bayani ba.

Jirgin da talakan karkarar nan ya fi gani kusa shi ne ƙaramin nan mai feshi, a shekarun fara irin 1988, yana bin saman gero ƙasa-ƙasa. Sai na alhazai, wanda ya mayar da tafiyar shekaru a ƙafa ta Cadi da Sudan ta zama ta sa'o'i. Na sama ya mamaye sunan, har na asalin ya koma sai an ce "jirgin ruwa" kafin a gane shi.

Jirgin saman da attajiri ke saya don kansa ne bai samu suna ba tukuna. Rediyo kan ce "jirginsa na ƙashin kansa", kamar yadda ake faɗa wa gona ko doki, don kasuwa ba ta gan shi kusa ba balle ta raɗa masa.