Maraɗi a Idon Mutumin Kurmin Kogi

Duk wanda ya taso a ƙasar Ikara ya san abin da ke faɗo masa in an ce Nijar: rairayi, rana, da raƙuma masu kawo kanwa. Da wannan zaton na bi Kano da Katsina, na wuce Jibiya, na tsallaka iyaka a Magama na shiga Ɗan Isa, a tsakiyar sanyi, bayan an gama kai amfani gida. Zaton yana da gaskiyarsa. Ruwan da ke sauka a Maraɗi a shekara yana kewayen milimita 500 ne, kusan rabin abin da muke samu a Kurmin Kogi. Masarar da muke tinƙaho da ita ba ta da wuri a tudunsu, sai gero da wake da gyaɗa da riɗi da aya. Amma tun daga bakin iyaka har cikin gari, gonakin da suka yi fayau bayan girbi cike suke da itatuwa, gawo da kalgo da sabara da aduwa, manya da masu tasowa, kowanne an rage masa rassan ƙasa an bar shi ya miƙe. A gonakin masara da yawa tsakanin Ikara da Makarfi, sai ka yi tafiya mai nisa ba ka samu inuwar da za ka ajiye goran ruwa ba.

Maraɗi gari ne matsakaici. Ƙidayar 2012 ta ba shi mutum kimanin 267,000, ko da yake ya bunƙasa sosai tun daga lokacin. Katsinawa ne suka raya shi. Bayan jihadi ya ci Katsina a 1807, gidan sarautar Haɓe ya yi arewa, daga baya Ɗan Kasawa, ɗan gidan, ya kafa gadonsa a nan, shi ya sa har yau Sarkin Katsina ake kiran sarkinsu. Ga Tibiri a kusa, inda Sarkin Gobir yake. Tsohon garin a cikin kwarin Gulbi yake. A 1945 ambaliya ta cinye shi, sai Turawan Faransa suka mai da shi kan tudu, suka yanka filaye murabba'i-murabba'i, da tituna miƙaƙƙu masu faɗi. Wannan faɗin shi ne abin da baƙo zai fara lura da shi, kuma a ganina rabin jin daɗin zaman garin daga nan ya samo asali.

Na sauka a unguwar da ake kira Zariya, gidan wani kawuna mai sayar da hatsi da ya daɗe a can. Da na huta, na ce: "Kawu, ina mutanen garin nan ke zuwa shan iska?" Abin da ke raina shi ne irin Ƙofar Gamji ta Kaduna ko gidan zu na Kano, wuri mai katanga da kujerun siminti da lilon yara, a biya kuɗi a shiga. Ya ce: "Ɗana, ka jira la'asar ta yi sanyi, ka fito ƙofar gida."

Da la'asar sakaliya na fito, na tarar titin ya zama wani abu dabam. Dogon yaro ne jere hagu da dama, kuma ƙarƙashin kowanne akwai masu shi. Nan dattawa ne a tabarma da rediyo. Can 'yan dara sun haƙa gurabensu a rairayi. Gaba kaɗan majalisar samari ce, wadda su suke kira fada, an ɗora ƙaramar buta a kan gawayi, ana juya shayi daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa, a sha na fari mai ɗaci, a jira na biyu, a jira na uku. Ba a gaggawa da shi, domin hirar ce abin nema. Tsakiyar titi kuwa ta yara ce da ƙwallonsu, in ɗan kabu-kabu ya taho su dare masa, ya wuce su koma. Ba wanda ya biya ko dala, ba mai gadi, ba lokacin rufewa. Mai kuɗi da talaka duk a nan suke. Wuraren shaƙatawa masu katanga da na sani a biranenmu, mafi yawan mutane sai da salla suke leƙa su, in ma sun leƙa. Wannan kuwa na kullum ne, kuma a bakin ƙofar kowa yake.

Kada a ɗauka inuwar nan da kanta ta zo. Dogon yaro baƙon itace ne, daga ƙasar Indiya aka kawo shi, kuma a gari mai ƙarancin ruwa irin wannan sai an yi masa shinge saboda awaki, an bi shi da ban-ruwa har ya kama ƙasa. Tun 1975, zamanin mulkin Saini Kunce, ranar 3 ga Agusta, wato ranar da Nijar ta samu 'yancin kai a 1960, ta zama ranar dashen itace a ƙasar baki ɗaya. Ba duk abin da aka dasa ranar ke rayuwa ba. Amma yaron da ya taso yana ganin manya suna durƙusawa da dashe a hannu duk shekara, ba zai ɗauki itace a bakin komai ba.

Akwai manyan wuraren taro ma. Ga filin Ɗan Kasawa a ƙofar fada, inda ake cika ranar salla. Ga gyare-gyaren tituna da aka yi a 2015, lokacin da garin ya karɓi bikin ƙasa na 18 ga Disamba da aka yi wa laƙabi da Maraɗi Kwalliya. Sai filin kokawa mai sunan Yakuba Ango Kantu, ɗan Maraɗin da ya fara cin gasar ƙasa da aka soma a Tawa a 1975. Mu a wajenmu kokawa ta zama labarin tsofaffi, dambe ma sai jefi-jefi bayan kaka. A can kuwa ita ce sarauniyar wasanni. Jihohi takwas na ƙasar ne ke karɓar gasar bi da bi, yawanci cikin sanyi, wanda ya kayar da kowa a ba shi takobi. Ko ba a garin ake yi ba, in lokacin ya zo za ka ji muryar mai sharhi tana tashi daga shago zuwa shago, mata a cikin gida ma sun san sunayen 'yan kokawa da kirarinsu.

Sanyi shi ne lokacin da garin ya fi armashi, kuma shi na tarar. Hatsi ya shigo, kasuwar Litinin da Juma'a ta cika, ana ta ɗaurin aure. In ka gangara kwarin Gulbi sai ka ga kore shar: albasa, tumatir, kabeji, da zogalen Jiratawa da ya yi suna. Gulbin nan daga ƙasar Katsina ya taso, ya ratsa Nijar, ya sake komawa Najeriya ya haɗu da Rima, kuma masu lambu suna cewa tun da aka yi dam a Jibiya ruwansa ya ragu, rijiyoyi ne yanzu ke riƙe da su. Na daɗe a cikin lambunan, domin sun tuna mini da fadamun rake na Makarfi da Kudan, sai dai a nan kowane ɗigon ruwa da lissafinsa. A kudu da gari akwai tafkin Madarumfa, wanda kaburburan waliyyai 99 da ake ziyarta ke kewaye da shi. An ce mini da can iyalai kan tafi su wuni a bakinsa ba tare da tunanin komai ba, yanzu kuwa sai an yi tambaya kafin a kama hanya, saboda ɓarayin daji da ke kai-komo a dazukan kan iyaka. Wannan ciwo ne da mu ma muka sani.

Bazara ban gan ta ba, labarinta aka ba ni. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, ɗaki ba ya kwantuwa, kowa ya fito da shimfiɗarsa tsakar gida. Kawu ya ce a lokacin ne ake sanin darajar gidan da ke da itace. An ƙara saninta bayan juyin mulkin Yulin 2023, lokacin da aka rufe iyaka, aka yanke wutar da ke zuwa musu daga Najeriya, har cikin 2024. Fanka ta tsaya, kayan masarufi suka yi tsada, dangin da tafiyar awa ɗaya ta raba suka kasa kai wa juna gaisuwar mutuwa. Ya faɗi wannan ba da fushi ba, amma na ji nauyinsa.

Cikin gida kuwa ban ji baƙunta ba ko kaɗan. Zaure ne, da tsakar gida, da turmi, da randa a gindin itace, da jar akuyar Maraɗi ɗaure a turke. Fura da rana, tuwon gero da dare, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli a tsakani. Matar kawu, wadda nake kira Inna, kan fita wani taron mata duk mako da 'yan kuɗinta a ƙulle. Irin ƙungiyoyin nan ne da ake kira Mata Masu Dubara, waɗanda ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991. Ya ɗan bambanta da adashen da muka sani. Ana zuba kuɗin a akwati, mai bukata ta ranta ta yi sana'a ta mayar da ɗan ƙari, ƙarshen zango a fasa a raba. Daga nan tsarin ya bazu zuwa ƙasashen Afirka da dama. A inuwar tsakar gidan ɗaya daga cikinsu suke zama, da tabarmi da jarirai a baya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai dai shi ne itatuwan gonakin nan, don haka na bi diddiginsu. Ashe ba dasa su aka yi ba. Bayan farin shekarun 1970, ƙasar ta yi ƙwal, iska na binne shuka da rairayi. Wani Bature ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aikin gona da mishan a Maraɗi, ya gaji da dashen da ke mutuwa. A 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa duk shekara toho ne na kututturan da saiwarsu ke raye a ƙasa. Abin yi kawai shi ne a zaɓi reshe ɗaya zuwa 'yan kaɗan masu ƙarfi, a datse sauran, a kare su. Tun da saiwar ta riga ta kai ga danshi, cikin 'yan shekaru sai ga itace. Manoma suka sa wa dabarar suna sassaben zamani, suka koya wa juna daga ƙauye zuwa ƙauye. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da itatuwa kusan miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram. Gawo ne ya fi samun gata, domin da damina yake kaɗe ganye, bai tare wa gero rana, ga taki a gindinsa, ga 'ya'yansa abincin dabbobi da rani.

Wani manomi da na zauna da shi a hanyar Tibiri ya nuna mini cewa dabarar yanka ba ita ce babbar magana ba. A da, itacen da ke gonarka na hukuma ne, in ka taɓa shi ma'aikatan gandun daji su ci ka tara, saboda haka kowa ya gwammace ya kashe shi tun yana ƙarami. Sai da aka sassauta, manomi ya tabbata abin da ya rena nasa ne, shi zai sari reshensa ya kai wa matarsa ko ya sayar, sannan gonaki suka cika.

A nan ne nake jin tsoron lamarinmu. Kututture muna da shi, ruwa ma ya fi nasu, ɗorawa da kanya da tsamiya za su tashi a ƙasarmu da sauri in an bar su. Amma garmar shanu da tarakta suna son fili fetal, masara mai cin takin zamani ba ta son inuwa, buhun gawayi kuma yana da masu jiransa a bakin titin Zariya. Ga gonakin haya da jingina da suka yi yawa a wajenmu. Wanda ya karɓi gona ta shekara ɗaya ko biyu ba shi da dalilin renon itacen da wani zai ci moriyarsa, mai gonar kuma yana birni, bai san abin da aka sare ba. Cikin gari ma, a Ikara da Makarfi da Hunkuyi, filin da yara ke wasa bana, baɗi sai ka tarar an kafa masa harsashin shaguna, sababbin unguwanni kuma ana yanka su da lungunan da amalanke biyu ba sa iya giftawa, balle a samu gurbin dasa dogon yaro a ƙofar gida.