Sunan Yanka da Laƙabi

Tun ranar da ɗana ya zaɓi karatun kwamfuta ya juya wa adabi baya, hira ta yi ƙaranci a tsakaninmu. Daga gaisuwa sai batun kuɗin makaranta. Saboda haka na yi mamaki da ya yi sallama a ɗakin karatuna da wani tsohon hoto mai fari da baƙi, ya russuna ya ce, "Baba, wasan tseren motoci nake haɗawa na kammala digiri. Ga motar da nake so, amma an kasa daidaitawa kan sunanta."

Motar kuwa abar kallo ce: hanci mai tsini, ga wani dogon fiffike tsaye a bayanta, ga lamba 43 a ƙofa. Abokansa sun dage cewa Dodge Charger Daytona ce, ta 1969. Ni dai iyakar sanina da mota ta kai ni wurin aiki, amma na san yadda ake bin diddigin waƙar da sunan mai ita ya ɓata. Dare uku muka yi muna tono.

Ashe a tseren NASCAR na Amurka, inda ake fafatawa da motoci masu siffar na kasuwa, masu irin wannan fiffike biyu ne: Daytona ɗin da kuma Plymouth Superbird ta 1970. Lambar ce ta raba gardama. Mai 43 shi ne Richard Petty, wanda ya ci tsere 200 a rayuwarsa. A 1969 Ford ya tuƙa, kuma da Superbird aka lallaso shi ya komo Plymouth a 1970. Ke nan ita ce a hoton. Zamaninta bai yi tsawo ba, domin a 1971 aka ƙayyade wa masu fiffike girman inji, suka ɓace daga fage.

Nan yaron ya yi shiru, ya ce sunan mallakar kamfani ne, ba a sa shi a wasa sai da izini. "Wahalar banza ke nan muka yi, Baba."

Na ce a'a. Bahaushe ba ya yi wa yaro laƙabi sai an raɗa masa sunan yanka, kuma wanda bai san asalin abu ba, ba zai iya yi masa kirari ba. Na tambaye shi amfanin fiffiken, ya ce iska ke bugunsa ta danne motar a ƙasa. Na ce, "To, tsuntsuwa mai fiffike, ba ta tashi sai gudu, ai Jimina ce."

Ya yi dariya irin wadda na daɗe ban ji ba, ya rubuta. Washegari ya dawo da hotuna huɗu, ya jawo kujera kusa da tawa.