Ina Aka Kai Aji Shida?

Duk wanda ya zaga makarantun kuɗi na garin Azare yana ƙidayar azuzuwa zai tarar da abin mamaki. Aji ɗaya da aji biyu cike suke maƙil, aji biyar ma ba laifi, amma a waɗansu makarantun aji shida ya ɓace, sai ka ce ƙasa ta haɗiye shi. Yaro na gama aji biyar sai a ɗinka masa sabuwar riga, a tsallaka da shi ƙaramar sakandare, wadda sau da yawa tana cikin harabar nan guda.

Wannan al'ada ba ta da gindi a doka. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977, wadda ta haifi tsarin 6-3-3-4, shekara shida ta yanka wa furamare. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ita ma ta tsaya a kan shekara tara, watau shida a furamare, uku a ƙaramar sakandare. To, wa ya zaftare guda?

Amsa ita ce hannu biyu ne suka haɗu. Mai makaranta yana tsoron in yaro ya kai aji shida zai ɗauki jarrabawar shiga wata makaranta ya kuɓuce masa, don haka gara ya riƙe shi tun da wuri. Uba kuwa yana lissafin kuɗin zango uku da zai huta biya, ga kuma daɗin faɗi a majalisa cewa ɗansa yana sakandare da shekara tara. Kowa ya sami riba, sai yaron kaɗai.

A hutun ƙarshen shekarar da ta wuce wata makaranta ta aiko wa yayana da takarda cewa 'yarsa ta cancanci tsallake. Katin sakamakonta ya nuna ita ce ta uku a aji. Na zaunar da ita a zaure na ce ta raba 84 gida 7, ta daɗe tana zana sanduna a ƙasa kafin ta kai ga 12. Na ba ta jarida ta karanta sarai, amma da na tambaye ta abin da labarin ya ƙunsa sai ta sunkuyar da kai. Yarinya ce mai kaifin basira, abin da ya rage mata shi ne shekara guda ta nuna. Aikin aji shida ke nan: a nan ake maimaita rabawa da lissafin kashi cikin ɗari da rubutun wasiƙa har su zauna daram, kafin a shiga lissafin da ake yi da haruffa.

A zamanin En'e, ɗan ƙasar Katagum da ya gama elementare ba ya shiga Midil ta Bauci, inda Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi hedimasta, sai ya ci jarrabawa. Ƙofar ta yi ƙunci ƙwarai, ba mai fatan a koma can. Amma sun riƙe gaskiya guda: hawa aji shaida ce ta abin da yaro ya sani, ba ladar biyan kuɗi ba.

Gaggawar ma ina ta kai mu? A 2025 gwamnatin tarayya ta tsayar da shekara 16 a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a. Ashe wanda aka kora da gudu ya gama sakandare yana ɗan 15 zaman jira zai yi a gida. Sauri ya haifi nawa.

Saboda haka ina kira ga Ma'aikatar Ilmi ta Jihar Bauci da ta sa masu duba makarantu su riƙa buɗe rajistar aji shida, su ƙidaya yaran da idonsu. Masu makarantu su rubuta ƙa'idar hawa aji ƙarara, su ba kowane uba tun ranar ɗaukar ɗansa. Mu kuma iyaye, kafin mu sa hannu a takardar tsallake, mu zaunar da yaro mu ji karatunsa da kunnenmu. Kuɗin shekara guda ana iya mayar da shi, amma harsashin da aka gina a gurguje, rushe gini kaɗai ke gyara shi.

Allah Ya shirya mana zuriya, amin.