Abin da Ba Mu Faɗa wa Auta Ba

Mutanen Gombe kan tuna shekarar 1996 da murna, domin ranar 1 ga Oktoba ta wannan shekara ce aka yanke mu daga Jihar Bauci aka ba mu tamu jihar. A gidanmu na Jekadafari kuwa, in an ambaci shekarar, hankalinmu kan koma 'yan watanni baya, lokacin bazara, sa'ad da annobar sanƙarau ta ratsa Arewa, ta kwantar da mutane fiye da 100,000, ta yi ajalin sama da 11,000. Autarmu na da shekara biyu da rabi cutar ta kama ta. Kwana tara ta yi wuyanta a sanƙare, mahaifiyarmu ba ta runtsa ba. Da Allah ya tashi kafaɗunta aka toya waina aka yi sadaka, maƙwabta suka yi ta shigowa barka, alhali babu wanda ya san cutar ba ta tafi hannu rabbana ba.

Wata rana da hantsi tasa ta kuɓuce wa yayarmu ta faɗi a bayan Auta, ƙarar ta firgita kajin da ke tsakar gida, ita kuwa ko waiwaye. Kafin ciwon tana da 'yan kalmominta: Inna, ruwa, ba ni, tafi. Muna ji muna gani suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya kamar ganyen bedi a hunturu, har ya zamana kafin ta cika shekara huɗu babu abin da ya rage sai wani sauti da takan yi in tana son a dube ta.

Ba za mu ja zance a kan yawon neman magani ba, don duk gidan da ya taɓa samun kurma ya san hanyar. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an ɗiga man da ba mu san sunansa ba a kunne. Daga ƙarshe likita ya ce jin ya tafi ke nan. Abin da ya fi damunmu a yau shi ne shekaru shida da muka ɓatar muna jiran bakinta ya buɗe. Masana harshe sun tabbatar da cewa a shekarun farko na rayuwa ne ƙwaƙwalwar yaro ke kama harshe cikin sauƙi, ko na baki ko na hannu, kuma wanda ya wuce wannan lokaci babu cikakken harshe yakan daɗe yana ɗingishi a karatu. Sun kuma ce fiye da kashi 90 cikin ɗari na yara kurame iyayensu masu ji ne, wato gidaje irin namu, waɗanda ba su taɓa tunanin hannu na iya ɗaukar zance ba.

Ba wai ba ma yi mata nuni ba ne. Muna da alamar tuwo, da ta barci, da ta wanka, da ta "za ki sha duka". Amma wannan bai wuce aike da tsawa ba. Ba a yin tatsuniya da shi, ba a yin tambaya, ba a ba da haƙuri. Abin takaicin shi ne harshen na nan kusa da mu. Kurame a ƙasar Hausa suna da maganar hannu tun kaka da kakanni, wadda wata Bajamushiya mai suna Constanze Schmaling ta zauna a Kano ta nazarta, ta fitar da littafi a kanta a shekarar 2000, ta nuna harshe ne mai ƙa'idojinsa. A nan Gombe ma akwai dattawan kurame da kan taru da yamma a gefen Babbar Kasuwa, hannuwa na ta kai da komo, ana dariya har da ƙyaƙyatawa. Wani daga cikinsu, ɗan dako, ya taɓa zuwa har zaure ya nuna a riƙa kai masa yarinyar wajen matarsa, wadda ita ma kurma ce. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya ƙi. A ganinsa in ta saba da bebaye ba za ta ƙara ƙoƙarin magana ba. Ƙauna ce ta sa shi, amma kuskure ne, mu kuma da muke ɗan boko a gidan ba mu musa masa ba.

Tana da shekara tara aka kai ta makarantar kurame ta kwana. Hutun farko da ta dawo muka ga wata yarinya dabam: hannuwanta sun cika da zance, idanunta na walƙiya, ta kama mu ɗaya bayan ɗaya tana raɗa mana suna da alama. Sai dai zancen ba namu ba ne. Alamomin da ake koyarwa a makarantun kurame na ƙasar nan asalinsu daga Amurka suke. Wani kurma baƙar fata ɗan can, Andrew Foster, shi ya buɗe makaranta a Ibadan a shekarar 1960, ɗalibansa da malaman da ya horar suka bazu da wannan salo ko'ina. Harrufan yatsu da aka koya wa Auta guda 26 ne na Ingilishi, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Ta iya rubuta mana 'yar wasiƙa da Turanci, amma Inna, wadda aka rubuta wasiƙar dominta, allo kaɗai ta yi. Uwa da 'ya suna zaune a kan tabarma guda, kowacce da harshenta.

Ya kamata mai karatu ya ɗan tsaya ya auna wuyar abin da ake nema daga irin waɗannan yara. Mu da muke ji, lokacin da malam ya rubuta "ba" a allo, ya tarar da sautin a kunnenmu tun muna goye, aikinsa kawai ya haɗa sauti da zane. Kurma kuwa ana nuna masa zanen sautin da bai taɓa ji ba, na harshen da ba a yi a gidansu, a ce ya haddace dubban kalmomi da siffarsu kaɗai. Auta ta zama gwanar kwafe allo. Littattafanta tsaf, rubutu kamar na inji, mu kuwa muna ta yaba mata. Sai da wani ƙanenmu ya koyi alamomin sosai ya tambaye ta ma'anar abin da ta kwafa a darasin kimiyya, ta ɗaga kafaɗa. Shekara uku tana zana kalmomi kamar mai zanen lalle. A lissafi kuwa, inda lamba ba ta buƙatar kunne, ta fi mu duka, amma da zarar an nannaɗe tambayar cikin jimlolin Turanci sai ta faɗi. Wasu malamanta ma ba su iya alamar ba sosai, sukan juya baya suna rubutu suna magana da allo.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da muka yi mata a shekarar 2005. Mahaifinmu ya rasu tana makaranta. Da ta dawo hutu aka rasa mai ƙarfin halin gaya mata, aka kuma rasa alamar da za a faɗa da ita cikin lallashi, sai wani ya nuna mata cewa ya yi tafiya. Duk yamma takan share zaure ta shimfiɗa masa buzu. Ta ga Inna cikin takaba, ba ta san mene ne takaba ba. Wata biyu bayan haka wata ƙawarta 'yar unguwarmu ta gaya mata a makaranta, a filin wasa, da alama guda. Da ta dawo gida ta fasa madubin ɗakin Inna, ta yi kwanaki ba ta dubi fuskar kowa ba, wanda a wurin kurma shi ne toshe kunne. Maƙwabta suka ce ai bebe akwai zuciya. Mun sha jin wannan magana, mun kuma taɓa yarda da ita. Wanda aka yi shekaru ana zance a kansa, ana yanke masa hukunci yana kallon leɓuna na motsi, in bai yi fushi ba ai da mamaki.

Haka kuma ranar da ta fara ganin al'ada, ta zaci irin ciwon da ya kashe Baba ne ya zo mata. Ta ɓoye tsummokaran, ta raba 'yan kayanta ga ƙawaye. Akwai malamar ba da shawara a makarantar, mace mai kirki, amma ba ta iya maganar hannu ba, duk mai son ganinta sai ya tafi da tafinta, tafintan kuwa namiji ne, malamin ajinsu. Wace budurwa ce za ta buɗe irin wannan sirri ta hannun malaminta? Daga baya Auta ta ba mu labarin wata 'yar ajinsu da wani babba a unguwarsu ya daɗe yana cutarwa, yana da tabbacin ba ta da bakin kai ƙara. Yarinyar ta yi ta nuna wa uwarta, uwar na ce mata ta tafi ta yi wanke-wanke.

An sa hannu a kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci a watan Janairu na 2019, an kafa musu hukuma ta ƙasa a 2020, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Musamman da ke Oyo tun 1977 tana yaye malamai, haka ma Jami'ar Jos. Muna murna da wannan. Amma a iya abin da muka gani, ana horar da mai koyar da kurame dabam, mai ba da shawara dabam, da wuya a tarar da mutum guda ya haɗa biyun, kuma babu wanda ya tuna da Inna, wadda ita ce ta fi kowa buƙatar a zaunar da ita a koya mata yadda za ta yi hira da 'yarta.

Yanzu Auta tela ce, tana da kekenta da yara uku masu ji, waɗanda suka iya hannu tun kafin su iya baki. Mu ma mun koya, a makare, hannuwanmu na in'ina. A sallar da ta wuce, bayan an watse, muka nemi gafararta a kan maganar Baba. Ta nuna mana wannan ya wuce tuni. Sai ta ce akwai dai abin da take son sani. Da dare, in an gama cin tuwo, Baba kan faɗi wani abu mu duka mu kwashe da dariya, in ta taɓa ɗayanmu ta tambaya sai a nuna mata "anjima". Ta ce me yake cewa?

Muka dubi juna, mu biyar. Babbar yayarmu ta ɗaga hannu za ta fara, ta tsaya, ta mayar da shi kan cinyarta. Babu ɗayanmu da ya tuna ko guda.