Daga Roncesvalles zuwa Kabarin Manzo Yakubu

Hanyar ziyarar ibada da ta tashi daga garin Saint-Jean-Pied-de-Port na ƙasar Faransa ta kai birnin Santiago de Compostela, a arewa maso yammacin Sifaniya, tana da tsawon kusan kilomita 800, kuma firist na Cocin Katolika da ya bi ta a ƙasa yakan tarar da cewa a kowane zango sai ya rarrabe abin da Nassi ya faɗa da abin da tarihi ya tabbatar da kuma abin da almara ta ƙara.

Zango na farko shi ne Roncesvalles, inda matafiyi ke sauka bayan ya hau duwatsun kan iyaka. A wannan mashigi ne aka hallaka rundunar bayan Sarki Sharlaman a shekarar 778, kuma waƙar Roland, wadda aka tsara da tsohon Faransanci ƙarni uku bayan haka, ta ɗora laifin a kan Musulmi, alhali mutanen Basque, 'yan asalin duwatsun, su ne suka yi kwanton ɓaunar. Daɗin waƙar bai wanke ta daga wannan ƙagen ba, kuma wajibi ne mai wa'azi ya faɗi haka ga masu ziyara.

Bayan kwanaki a gonakin inabi na Rioja sai a isa Santo Domingo de la Calzada, garin da ya ci sunan wani waliyyi, wato bawan Allah da Coci ta shaida tsarkin rayuwarsa. Almara ta ce an rataye wani saurayi mai ziyara bisa ƙazafin sata, iyayensa suka same shi da rai, da suka kai wa alƙali labari sai ya ce yaron na raye ne kamar gasassun kajin da ke gabansa, nan take zakara da kaza suka tashi. Har yau ana kiwon zakara da kaza a cikin babbar majami'ar garin. Coci ba ta tilasta wa kowa gaskata wannan, amma firist zai fi so a tuna da waliyyin kansa, wanda ya rasu a 1109 bayan ya gina gada da masauki ya kuma shimfiɗa hanya domin baƙi, aikin da ya fi labarin kajin nauyi nesa ba kusa ba.

Daga nan sai filayen alkama, da biranen Burgos da León, har ƙasar Galicia mai yawan ruwan sama.

A Santiago, inda ake cewa kabarin Manzo Yakubu yake, wannan rarrabewa ta fi wuya. Littafin Ayyukan Manzanni ya ce Sarki Hirudus ya kashe Yakubu ɗan'uwan Yohanna da takobi, bai kuma ambaci Sifaniya ba. Labarin da aka gada ne ya ce almajiransa sun kawo gawarsa Galicia ta teku, aka gano kabarin a ƙarni na 9, a zamanin Sarki Alfonso na II. An fara ginin babbar majami'ar birnin a 1075, aka keɓe ta a 1211, kuma ƙarni bayan ƙarni mutane suna isowa da ƙafafu a kumbure domin su furta zunubansu ga firist su karɓi jibi mai tsarki, abin da ya kawo su ke nan tun farko. Wanda ya taka kilomita 100 na ƙarshe a ƙasa ana ba shi takardar shaida da ake kira Compostela.